Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin al'ummarmu da iyayen yara Hausawa mazauna Amurka, kan rigimar darasin kimiyya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu shugabannin ƙungiyoyi, Allah ya ƙara girma. Malamanmu limamai, Allah ya gafarta muku. Fastocin 'yan'uwanmu Kirista, yayye da ƙanne masu 'ya'ya a makarantun gwamnatin ƙasar nan, ina gaishe ku. Yaya aiki, yaya iyali, yaya kuma haƙuri da zaman baƙunta? Allah ya bar zumunci.

Ni malamin makaranta ne, ilimin ƙasa da duwatsu nake koyarwa a sakandare. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami wata magana ce da ta fara yawo a tsakaninmu, a wurin suna da ɗaurin aure da hirar bayan sallar Juma'a, tun daga watan Yunin 2025. A watan ne Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3, ta ba iyayen gundumar Montgomery ta jihar Maryland gaskiya, cewa suna da ikon cire 'ya'yansu daga darasin da ake karanta littattafan labarai masu maganar auren jinsi da sauya jinsi. Musulmi da Kirista ne suka shigar da ƙarar tare, sunan wani uba Musulmi, Mahmoud, shari'ar ke ɗauke da shi. Da yawa cikinmu sun ji daɗi. Daga nan sai aka fara cewa, tunda tafiyar ta yi kyau, a ci gaba da ita: a mara wa masu neman a sa "halittar Ubangiji" cikin darasin kimiyya baya, a sa hannu a takardunsu, a zaɓi 'yan takararsu a hukumomin makarantu. Hujjar kuma mai daɗin ji ce. Wane mai imani ne zai ƙi a gaya wa yaro cewa Allah ne ya yi sama da ƙasa?

Roƙona shi ne kada mu sa hannu. Ku ba ni aron kunnuwanku in faɗi dalili, domin wannan rigima ta girmi zuwan kowannenmu ƙasar nan, kuma abin da ke cikin ƙunshin ba shi ne aka rubuta a bayansa ba.

Ta kai shekara ɗari ana yinta. A 1925 jihar Tennessee ta hana koyar da ra'ayin juyin halittar ɗan'adam a makarantun gwamnati, aka gurfanar da wani matashin malami, John Scopes, a garin Dayton, aka ci shi tarar dala 100. Dokar ta zauna har 1967. A 1968 Kotun Ƙoli ta soke irinta ta jihar Arkansas, bayan wata malamar bayoloji, Susan Epperson, ta kai ƙara. Madogarar kotu ita ce gyaran farko da aka yi wa kundin tsarin mulki a 1791, wanda ya hana gwamnati ɗaukar wani addini ta mai da shi nata. Da hani ya gagara sai aka sake dabara, aka ce to a raba lokaci daidai, a koyar da wannan a koyar da wancan, yaro ya zaɓa. A nan nake so mu tsaya mu duba da kyau, saboda a wannan karon an rubuta abin da ake son koyarwa baƙi da fari.

Dokar Arkansas mai lamba 590 ta 1981 ta jera abubuwa 6 da za a koya wa yara a matsayin kimiyya. Na 5 shi ne cewa duwatsu da shimfiɗun ƙasa sun samu ne ta hanyar manyan bala'o'i, ciki har da ambaliyar da ta mamaye duniya baki ɗaya. Na 6 shi ne cewa duniya da halittun cikinta ba su daɗe da samuwa ba. Abin da masu wannan ra'ayi ke nufi da "ba su daɗe ba" sananne ne: shekara 6,000 zuwa 10,000. Asalin lissafin daga jerin haihuwar da ke cikin Littafin Farawa na Baibul ne, wanda wani babban limamin coci a Ailan, James Ussher, ya tara a 1650 ya ce an fara halitta shekara 4004 kafin haihuwar Annabi Isa. Ra'ayin cewa Ruwan Ɗufana ne ya shimfiɗa kusan duk duwatsun duniya cikin shekara guda kuwa, George McCready Price ne ya yaɗa shi a farkon ƙarni na 20, sannan John Whitcomb da Henry Morris suka farfaɗo da shi a 1961. Morris injiniyan ruwa ne, Whitcomb malamin tauhidin Kirista.

Allah gafarta malamai, ku ne masana, ni almajiri ne a wannan fage. Amma a iya abin da aka karantar da mu, babu ayar da ta ce shekarun duniya 6,000 ne. Akwai inda aka ce yini guda a wurin Ubangiji kamar shekara dubu ne a lissafinmu, akwai inda aka ambaci yini mai tsawon shekara dubu hamsin, akwai kuma umarnin da ke cikin Suratul Ankabut cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda aka fara halitta. Imaninmu da Annabi Nuhu da jirginsa yana nan daram. Cewa wannan ruwan ne ya gina kowane dutse da ke ƙarƙashin ƙafarmu kuwa, fassarar wani ɓangare ce na wata ɗariƙa, kuma ita za a ɗora wa 'ya'yanmu da hatimin gwamnati.

Ko cikin Kiristan ma ba kowa ya yarda da ita ba, shi ya sa na haɗa da fastocinmu a wannan wasiƙa. Waɗanda suka kai dokar Arkansas kotu, a sahun gaba limaman coci ne: bishof-bishof na Methodist da Katolika da Episcopal, da fastocin Presbyterian da Baptist, tare da ƙungiyoyin Yahudawa. Sunan wani fasto, McLean, shari'ar ke amsawa. Sun ga cewa idan gwamnati ta zaɓi fassara guda ta koyar, sauran masu imani duk an mai da su 'yan kallo. A watan Janairun 1982 alƙali William Overton ya soke dokar. A 1987 Kotun Ƙoli, 7 a kan 2, ta soke takwararta ta jihar Louisiana, bayan masana 72 masu lambar Nobel sun rubuta mata cewa abin ba kimiyya ba ne.

Bari in koma sana'ata, domin ba hukuncin kotu ne ya sa na ƙi wannan darasi ba. Duwatsun ne suka ƙi shi.

Ku ɗauki gishiri. Duk wanda ya san yadda ake samun gishirin Bilma ya san sai an tara ruwan a rami an bar rana ta ƙafar da shi. Ƙara ruwa narkar da gishiri yake yi. To a ƙarƙashin garin Hutchinson na jihar Kansas akwai shimfiɗar gishiri da ake haƙa a zurfin kusan mita 200, da wasu duwatsun a samanta da ƙarƙashinta. Gishirin da ke cikin ruwan teku bai wuce kashi 3.5 cikin 100 ba, don haka sai teku mai yawa ya ƙafe, ya sake cika, ya sake ƙafewa, kafin a samu kauri irin wannan. Ta yaya teku zai ƙafe a tsakiyar ambaliyar da ta rufe duniya? A yammacin Texas kuma akwai wasu duwatsu da ake kira Castile, waɗanda idan aka huda aka zaro su za a ga layi fari, layi baƙi, fari, baƙi, kowane tagwai bai wuce 'yan milimita ba, sama da dubu 200 a jere. An gwada abin da aka zaro daga rijiyoyi masu nisan kilomita da yawa a tsakaninsu, layukan suka dace da juna ɗaya bayan ɗaya. Ruwa kwantacce ne kaɗai, mai ƙafewa a hankali kaka bayan kaka, ke barin rubutu mai tsari haka. Ambaliya damawa take yi.

Sai babban kwazazzabon nan na Grand Canyon a Arizona, wanda masu wancan ra'ayi suka fi son kafa hujja da shi. Zurfinsa ya kai mita 1,800 a wasu wurare, bangonsa hawa-hawa. A can ƙasa duwatsu ne masu shekara wajen biliyan 1.7, a bakin sama kuma dutsen farar ƙasa mai shekara wajen miliyan 270, cike da ɓawon halittun teku. A tsakani akwai wani hawa na yashi, Coconino, mai ɗauke da sawun ƙananan dabbobi masu ƙafa huɗu, har da sawun halittu irin kunama da gizo-gizo. A ƙarƙashinsa akwai taɓon da ya bushe ya tsattsage, yashi ya cike tsagar. Wato teku ya zo ya tafi, wuri ya zama tudun rairayi, teku ya sake dawowa. Kunama ba ta yawo a ƙasan ambaliya, taɓo ba ya tsagewa a cikin ruwa.

Za ku ce, su waɗannan miliyoyin daga ina aka samo su? Tambaya ce mai kyau, ɗalibaina ma suna yinta kowace shekara, kuma ina murna idan sun yi. Akwai wani ɗan ƙanƙanin ma'adini da ake kira zirkon, wanda lokacin da yake daskarewa daga narkakken dutse yana karɓar yuraniyam, irin wanda ake haƙa a Arlit, amma ba ya karɓar dalma. Shi kuwa yuraniyam a hankali yake rikiɗewa ya zama dalma, da saurin da aka auna a ɗakin gwaji. Nau'i ɗaya yana ɗaukar shekara biliyan 4.47 kafin rabinsa ya rikiɗe, ɗayan miliyan 704. Saboda haka duk dalmar da aka tarar a cikin zirkon bayan daskarewarsa ta samu, kuma agogo biyu ne masu gudu daban a cikin ƙwaya ɗaya. Idan suka ba da amsa guda, da wuya a ce dace ne. Da irin wannan awo Clair Patterson ya fitar da shekarun duniya a 1956, biliyan 4.55, daga duwatsun da suka faɗo daga sama, kuma awon da aka yi ta yi bayansa bai kauce daga nan ba sai kaɗan. Zirkon mafi tsufa da aka samu, a yammacin Ostireliya, shekararsa biliyan 4.4. Idan kuka ji ana cewa ai awon kabon ba abin dogaro ba ne, ku sani kabon na itace da ƙashi ne da ba su wuce shekara wajen 50,000 ba. Ba da shi ake auna dutse ba.

Wani abin da ba a cika faɗa ba: tsufan duniya ba Darwin, mai ra'ayin juyin halitta, ne ya kawo shi ba. Tun a ƙarni na 11 Al-Biruni ya lura cewa duwatsun koguna a Indiya manya ne a gindin tsaunuka, suna ƙanƙancewa har su zama yashi kusa da teku, ya ce wannan fili a dā teku ne da koguna suka cike a hankali. Ibn Sina ya yi rubutu kan yadda tsaunuka ke samuwa da yadda ruwa da iska ke cinye su cikin dogon zamani. A Ingila kuma, Adam Sedgwick, limamin coci kuma farfesa a Cambridge, wanda a dā yake danganta tsakuwar da ke warwatse a ƙasarsu da Ruwan Ɗufana, ya miƙe a gaban ƙungiyar masana duwatsu a 1831 ya janye maganar, saboda abin da ya gani a fili bai goyi bayanta ba. Littafin Darwin bai fito ba sai 1859, kuma Sedgwick har ya mutu bai yarda da shi ba. A gida ma shaidar tana nan: dutsen da ake yin siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato a ƙasan teku ya samu, da ɓawon halittun ruwa a cikinsa, ga kuma ƙasusuwan manyan dabbobin dā da aka tono a Gadoufaoua ta yankin Agadas, masu shekara sama da miliyan 100. 'Yan'uwanmu da ke aiki a kamfanonin mai a Houston su faɗa muku da wane lissafi ake neman mai. Babu kamfanin da ke zuba miliyoyin daloli a rijiya bisa lissafin shekara 6,000.

Bayan hukuncin 1987 an sake wa abin riga. Aka cire sunan Mahalicci da ambaliya, aka ce ana maganar "tsarin wani mai basira" ne kawai. Ga kunnen Musulmi wannan ma ya fi daɗi, na sani. Amma ku ji yadda ta kaya a garin Dover na Pennsylvania. A 2004 hukumar makarantun garin ta umarci a karanta wa 'yan aji 9 wata sanarwa da ke tura su ga wani littafi na wannan ra'ayi. Malaman kimiyya suka ƙi karantawa, shugabannin makaranta suka shiga aji suka karanta da kansu. Iyaye 11 suka kai ƙara. A kotu aka fito da tsofaffin rubuce-rubucen littafin, aka ga na kafin 1987 da na bayanta kusan abu ɗaya ne, sunan kawai aka bi aka musanya. Aka gano cewa a coci aka tara kuɗin sayen littattafan, alhali wasu 'yan hukumar sun rantse ba su san inda suka fito ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Alƙalin, John Jones, ɗan jam'iyyar Republican ne mai zuwa coci, George W. Bush ne ya naɗa shi. A ranar 20 ga Disamba 2005 ya yanke cewa abin addini ne aka sa wa rigar kimiyya. Kafin hukuncin ma mutanen garin sun kayar da 'yan hukumar 8 a zaɓe. Gundumar ta biya sama da dala miliyan 1, kuɗin da na littattafai da albashin malaman 'ya'yansu ne.

Da maganar ta tsaya a nan da ban dame ku ba. Hukuncin Dover ba a ɗaukaka shi ba, don haka bai ɗaure sauran jihohi ba. Louisiana a 2008 da Tennessee a 2012 sun yi dokokin da suka buɗe wa malami ƙofar shigo da nasa kayan da sunan "nazari mai zurfi", West Virginia ta yi mai kama da su a 2024. Mafi girma, ma'aunin shari'a na 1971 da aka soke dokar Louisiana da shi a 1987, wanda ke tambayar ko manufar doka ta addini ce, Kotun Ƙoli ta ajiye shi a 2022 a shari'ar wani kocin ƙwallo mai addu'a a fili. Yanzu tarihi da al'adar Amurka ake dubawa. Ina roƙon ku ku tambayi kanku, tarihin wa, al'adar wa? Louisiana a 2024 da Texas a 2025 sun yi dokar liƙa Dokoki Goma na Baibul a bangon kowane aji, da nassin da 'yan majalisa suka zaɓa. A 2012, lokacin da Louisiana ta faɗaɗa shirin biya wa yara kuɗin makarantu masu zaman kansu, har da na addini, zuwa duk faɗin jihar, wata 'yar majalisar jihar da ta goyi bayan shirin, Valarie Hodges, ta fito fili ta ce ita addinin waɗanda suka kafa ƙasa take nufi, ba makarantun Musulmi ba. Ba na zargin maƙwabtanmu Kirista, da yawansu mutanen kirki ne, sun tsaya mana a wurare masu wuya. Amma mu 'yan tsiraru ne a nan. Ranar da aka ce masu rinjaye a gunduma su ne za su zaɓi aƙidar da za a koyar a aji, ba mu za a tambaya ba. Katangar da ta hana shigar da fassararsu ajin kimiyya, ita ce dai ta hana a sa Aisha da Abubakar addu'ar da ba tasu ba kowace safiya.

Kuma a lura, abin da iyayen Maryland suka nema shi ne su janye nasu 'ya'yan. Ba su nemi a sauya abin da ake koya wa 'ya'yan kowa ba. Wannan da wancan hanya biyu ce.

Ba zan ɓoye muku inda gizo ke saƙa ba. Shekarun duwatsu ba su cika tayar mana da hankali ba; asalin ɗan'adam ne ke tayarwa, ranar da yaro ya dawo gida da hoton ƙoƙon kai ya ce, Baba, to Annabi Adamu fa? Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma malamin da gwamnati ke biya, ko ni ko wani, ba shi ya kamata ya amsa ta ba. Aikina in nuna abin da aka tono, yadda aka auna, da abin da masana suka fahimta daga ciki. Idan wani malami ya zarce ya ce wa ɗanku kimiyya ta tabbatar babu Allah, ya keta dokar da nake karewa, domin ta hana gwamnati tallar addini ta kuma hana ta yaƙarsa. Ku je makarantar ku yi ƙorafi a rubuce, ni ma zan raka ku. Amma amsar tambayar Annabi Adamu a gida take da islamiyyar Asabar da Lahadi, ko makarantar coci ga 'yan'uwanmu. A nan ne muke da rauni. Yaro ya yi tambaya sai a ce masa ƙaryar Turawa ce, ya yi shiru. Bayan 'yan shekaru ya shiga jami'a, ya riƙe dutsen da hannunsa, ya auna da kansa, ya ga ba ƙarya ba ne. Daga nan sai ya fara tantamar sauran abin da muka gaya masa. Na fi tsoron wannan a kan duk wani littafin bayoloji.

Ga abin da nake nema. Shugabanni, kada a yaɗa takardar neman sa hannu da sunan ƙungiyarmu sai an karanta dokar da take goya wa baya, layi bayan layi. Limamai da fastoci, ku zauna da 'ya'yanmu likitoci da injiniyoyi da malaman kimiyya a shirya yadda za a amsa wa matasa ba tare da an ƙaryata abin da ido ke gani ba. Iyaye, ku buɗe littafin kimiyyar yaranku ku karanta babin da kanku. Zaman hukumar makarantu a buɗe yake ga kowa, ku riƙa zuwa. Waɗanda suka zama 'yan ƙasa su yi zaɓen waɗannan hukumomi, musamman mazauna Texas, inda mutum 15 da ake zaɓa ke tantance littattafan miliyoyin yara. Duk ɗan takarar da ya zo masallaci neman ƙuri'a ya ce zai mayar da Allah cikin aji, a yi masa tambaya biyu a gaban jama'a: shekarun duniya nawa za a koya wa yaran, kuma daga littafin wa?

Duk ƙungiyar da ke so, zan zo da duwatsu da gilashin dubawa in zauna da iyaye da yara, ba sai an biya ni ba.

Wassalam.

Naku,
ɗan'uwanku malamin ilimin ƙasa da duwatsu.